Allunan Anti Hajara

Anti Hajara ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina durƙushe a bakin ƙofa ina ɗaura igiyar takalmin makaranta. Wayar gida ta yi ƙara, Umma ta ɗauka. Na ji ta ce "Na'am?" sau biyu, sai ta zauna a ƙasa da wayar a hannunta. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Ga shi ina rubutawa, amma gani nake kamar ƙarya nake yi.

Jiya da azahar ta yanke jiki ta faɗi a kwalejin da take koyarwa, aka kai ta asibiti. An ce mana hawan jini ne, za ta farfaɗo. Bayan asuba ta cika.

Wannan shafin intanet na Yaya Rabi ne, ba nawa ba. Ni ce Safiya, ƙanwarta. Waɗanda suka san ni za su yi mamaki, don ko gaisuwa da ƙyar take fita daga bakina. Bara na gama firamare, kuma ban taɓa rubuta komai a nan ba. Amma yau in ban faɗa ba ƙirjina zai fashe, don akwai laifina a cikin abin da ya faru.

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyarmu ce a nan unguwar Aziziyya, a Madina. Bene ɗaya muke, mu a hawa na biyu, su a na uku. Ba mu haɗa jini ba, ita 'yar Yawuri ce, mu Katsinawa. Mutane Duktura suke ce mata, wato Dakta. Tana zaune da mijinta Baba Lawal, mai aiki a kantin magani, da mahaifiyarta Hajiya Inna, wadda ta ɗauko daga gida bayan rasuwar babanta.

Ranakun aiki tana koyar da 'yan mata ilimin halittu. Alhamis da Juma'a kuma, sau biyu a wata, Baba Lawal ya tuƙa ta zuwa gaɓar teku, can wajen Yanbu. Tana cikin wata 'yar tawagar masu bincike da ke duba abin da ke ƙasan ruwa kusa da gaɓa: ina ciyawar teku take, ina murjani, ina kuma yashi ne zalla. Da abin da suka rubuta ake duba inda za a bari yadda Allah Ya yi shi, da inda za a ba masu gini.

Matan benenmu sun sha tsokanarta. Khala Zainab ta hawa na ɗaya, wadda a nan Madina aka haife ta, takan ce, "Ya Duktura, kin baro kogin Kwara kin zo maƙwabtaka da Manzo, shi ne sai da kika nemo wani ruwan?"

Ita kuma ta ce, "Khala, ni in na yi kwana goma ban jiƙa ƙafata ba, ciwon kai nake."

Shekara biyu ke nan da ta ɗauke ni aiki. A kan matakala ta same ni ina aikin gida, saboda an yi mana baƙi na gudo. Ta zo wucewa da jaka jiƙaƙƙiya mai ƙarnin teku, ta tsaya ta leƙa littafina.

"Wa ya yi wannan rubutun?"

Na sunkuyar da kai.

"Ai ba duka zan yi ba. Ni nawa rubutun ko ni sai na yi addu'a nake gane shi. Taso, daga yau ke ce sakatariyata."

Tun daga ranar ba ta sake kirana Safiya ba.

Bari in yi bayanin aikin, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da ya faru yau ba.

A cikin ruwa takarda ba ta aiki, biro ma ba ya yi. Saboda haka tana da alluna na farar roba, kowanne kamar girman faranti, da fensir ɗaure da zare. Sai ta shimfiɗa doguwar igiya daga gaɓa zuwa cikin ruwa. Kowane taku kaɗan ta ajiye wani murabba'i na fayif a ƙasan ruwan, ta sa gilashin ido ta duƙa, ta rubuta abin da ke cikinsa. Kowane wurin da ta shimfiɗa igiya da allonsa. Baba Lawal yana zaune a gaɓa da lema yana riƙe da bakin igiya. Shi ko ƙafarsa ba ya sawa.

In sun dawo gida, sai ta jingina allunan a baranda su bushe. Washegari bayan la'asar in hau. Ni in karanta da ƙarfi, ita tana rubutawa a babban littafi, sannan mu yi musanya, ta karanta ni ina dubawa. Sai mun gama duka biyun, sannan a wanke allo da soso a ajiye don tafiya ta gaba.

Kafin nan, abin da ke kan allon nan babu shi ko'ina a duniya.

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa take sa ni karantawa da ƙarfi. In na yi ƙasa-ƙasa da murya sai ta kama kunnenta ta ce, "Sakatariya, ruwa ya shiga nan jiya, ban ji ba." Ƙarya take, ta ji sarai. A makaranta malamarmu har ta kira Umma a kan ba na magana. Anti ba ta taɓa ce mini in daina kunya ba. Kunnenta kawai take kamawa.

Wankin allunan kuwa, Hajiya Inna ce ke so. In muka gama sai ta jawo 'yar kujerarta da roba ta ce, "Ku miƙo, wannan dai na iya." Shekara biyu tana wanke su. Ba ta karatun boko. Abin da ta sani shi ne in allo ya dawo daga teku, ƙarshensa wanki.

Sau ɗaya aka tafi da ni tekun, bayan Anti ta yi sati uku tana roƙon Abba. Da na ga ruwan na ƙi matsawa. Ba ta ja ni ba. Ta ɗauko wani bokiti da aka yanke gindinsa aka manna gilashi, ta ce in shiga iya gwiwa kawai, in danna shi a ruwa in leƙa. Na leƙa. Ciyawa ce kore shar tana kaɗawa, ga 'yan kifaye kamar allura suna shiga suna fita, ga wani abu kamar kokwamba kwance yana numfashi. Daga sama ba ka ganin komai sai ruwa mai duhu-duhu.

Ta ce, "Kin gani? Wanda ya tsaya a mota zai rantse babu komai a nan."

A hanyar dawowa ta saya mini askirim biyu, wai ɗaya na sakatariya, ɗaya na Safiya.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Juma'ar nan ne, gab da magariba. Umma ta aike ni kantin ƙasa sayen burodi, na dawo na same su suna sauke kaya. Rana ta ƙona mata fuska, gilashin ya bar mata zobe a kewayen ido. Tana rungume da alluna shida ɗaure da igiya, ta hana Baba Lawal ya taɓa.

Ba ta yi wasan da ta saba ba. Ta tsayar da ni a matakala ta ce, "Sakatariya, gobe bayan la'asar, kada ki makara. Wannan karon ba irin na kullum ba ne."

Ta gaya mini akwai wani lungun teku da wasu ke son a yashe shi a cike gefensa a yi matsayar jiragen ruwa. Takardar da suka kawo ta ce ƙasan wurin yashi ne kawai. Ranar Laraba kwamiti zai zauna a yanke. Ita kaɗai ta shiga wurin ta duba, sauran 'yan tawagar suna can wani ɓangare, kyamararta kuma ruwa ya shige ta tun watan jiya.

Ta buga allunan da tafin hannu ta ce, "In ba waɗannan, ba ni da bakin magana ranar Laraba."

Na ce, "To, Anti."

Ta haura matakala biyu ta juyo. "Kuma ki zo da muryarki, kada ki bar ta a gida."

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan.

Ranar Asabar na hau, wallahi na hau. Ko shayin la'asar ban tsaya sha ba. Amma da na isa ƙofarsu sai na ga takalman maza jere, sun kai ƙafa bakwai, ina jin muryoyi da dariya a falo. Abokan Baba Lawal ne suka zo. Kuma ba yadda za a yi ka isa baranda sai ka ratsa falon.

Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na sauke. Na sake ɗagawa. Na tsaya ina kallon takalman nan har ƙafata ta yi sanyi. Wani ya yi tari kusa da ƙofa, sai kawai na ga kaina a hawa na biyu.

Na ce wa Umma ba sa nan.

Da aka yi isha'i Anti ta bugo waya, Yaya Rabi ta ɗauka. Na yi lamo a ɗaki kamar mai barci. Saƙon da ta bari shi ne, "Ki ce wa sakatariya ba komai, gobe ma rana ce, amma goben dole."

Goben ita ce jiya. Kafin la'asar tana asibiti.

Yau da aka faɗi rasuwar ban tuna da alluna ba. Ban tuna da komai ba. Aka ce kada in je makaranta. Mata suka fara cika benen, daga unguwannin Jurf da Ranuna, har da ɗalibanta Larabawa suna kuka a matakala. Maza suka tafi Harami da ita don a yi mata salla bayan azahar a kai ta maƙabartar Baƙi'a. Ni aka zaunar da ni a kicin ɗinmu ina cire wa dabino ƙwallo, Umma tana dafa gahawar masu zuwa ta'aziyya.

Khala Zainab ta shigo neman ƙarin kofuna. Tana ɗiba tana cewa Umma, "Miskina Hajiya, ta ƙi zama. Mun ce ta huta, abadan. Ta wanke tukwane, ta wanke abin da an riga an wanke. Yanzu ta koma baranda wai za ta kintsa kayan Duktura kafin baƙi."

Dabinon da ke hannuna ya faɗi.

Na miƙe. Na fita ko takalmi babu, na haura da gudu.

Ƙofar a buɗe take. An kwashe kujeru, an shimfiɗa darduma bango zuwa bango, mata zaune sun fi talatin, baƙaƙen abaya ko'ina. Wasu na jan carbi, wasu na karatu ƙasa-ƙasa. Duk suka ɗago suka dube ni.

Ƙafata ta kafe a bakin ƙofa, daidai inda ta kafe ranar Asabar.

Sai na jiyo shi daga can ciki. Ƙarar soso a kan roba. Na san ƙarar nan, shekara biyu ina jin ta.

Ban san yadda na ratsa falon ba. Na san na taka mayafin wata, na kuma ture kofin wata, na ji an ce "Bismillah, 'yar wa ce wannan?" Ban yi sallama ba, ban yi wa kowa gaisuwa ba.

Hajiya Inna na zaune a 'yar kujerarta, roba cike da kumfa a gabanta. Ba kuka take ba, idonta a bushe, bakinta na motsi. A damanta alluna biyu jingine, fari fat, ruwa na ɗiga daga jikinsu. Na uku yana kan cinyarta, ta riga ta cinye rabinsa. Sauran ukun suna hagunta, suna jiran layi.

Na buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Na sake gwadawa. Na ce "Hajiya," amma ni kaina ban ji ba. Soson ya sake sauka, layi biyu na rubutun Anti suka bi kumfa ina kallo.

Sai na duƙa na kama wuyan hannunta.

Ni, Safiya, na kama hannun tsohuwar da ta haifi Anti, ranar da 'yarta ta rasu. Da ɗaya hannun na fizge allon daga cinyarta, na tattaro sauran ukun na rungume, na ja da baya har na bugi bango.

Hajiya ta ɗago tana kallona kamar ba ta san ni ba.

Khala Zainab ce ta fara isowa. "Ya binti, ke 'yar nan! Aib, abin kunya! Me ya same ki? Ki ba tsohuwa kayanta ta yi abin da zai sanyaya mata zuciya. Miƙo nan, yalla."

Ta kama gefen allo ɗaya ta ja. Hannunta a jiƙe yake, na ga babban yatsanta a kan lambobin. Na juya mata baya na duƙunƙune a kansu.

Mata suka taru a ƙofar baranda. Wata ta ce aljanu ne, a yi mata tofi. Wata ta ce kaɗuwa ce, yarinyar ta shaƙu da marigayiya. Aka kira Umma. Ta iso tana haki, ludayi a hannunta.

"Safiya! A gidan rasuwa? Ajiye kayan mutane ki ba Hajiya haƙuri, yanzun nan."

Ban taɓa ƙin maganar Umma ba. Na ƙara ƙanƙame allunan. Na san in na ajiye, kafin la'asar sun zama fari, kuma ba wanda zai san an yi asarar komai. Har raina ya ce mini in ajiye ɗin, in haka ta faru ba mai sanin abin da na yi ranar Asabar.

Na ce, "Ba a kwafe ba."

Umma ta ce, "Me?"

"Ba a kwafe su ba!"

Yadda muryar ta fita har masu karatu a falo suka yi shiru. Daga nan kuma ta ƙi tsayawa. Na faɗi maganar lungun teku, da kwamitin Laraba, da kyamarar da ta lalace. Na ce babu wannan rubutun ko'ina sai a nan. Sannan na faɗi na ranar Asabar, takalman, da ƙaryar da na yi wa Umma cewa ba sa nan, da barcin ƙarya da Anti ta bugo waya. A gaban mata talatin na faɗa, ina kuka majina na zuba.

Khala Zainab ta saki allon a hankali, ta goge yatsanta a abaya. Ta ce, "La haula."

Umma ta dube ni. Kallon da ta yi mini ya ishe ni.

Amma Hajiya nake tsoro. Ta juya tana kallon alluna biyun nan farare. Ta daɗe. Ta miƙa hannu ta shafa ɗaya, kamar za ta ji rubutun da yatsa.

Ta ce, "Safiya, mi na wanke?"

Khala ta yi caraf ta ce, "Ba komai Hajiya, wallahi ba komai, ai suna da wani a kwamfuta."

Hajiya ko kallonta ba ta yi ba. "Ba ke na tambaya ba. 'Yar nan ta san aikin. Mi na wanke?"

Na so in bi bayan Khala. Da sauƙi. Amma yanzu na gama faɗin ƙarya ɗaya, ban iya ɗora wata ba.

Na ce, "Aikinta na ranar Alhamis ne, Hajiya. Wuri biyu da rabi."

"Rubutun hannunta na ƙarshe."

"Eh."

A nan ne ta yi kuka. Tun safe ba ta yi ba sai a nan. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai kifa fuska a tafukanta da kumfar da komai. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa na ce ta yafe mini, laifina ne, da na shigo ranar Asabar da wankin nata daidai ne.

Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Ku ba mu wuri." Mata suka koma falo. Ta ce da ni, "Ina littafin?"

Na ɗauko shi a kan teburin Anti. Fensirinta na ciki, a shafin da ta ja layuka ta shirya mana.

Hajiya ta wanke hannunta, ta goge shi sau biyu har ya bushe ƙarau, sannan ta karɓi allo ta riƙe shi ta gefe-gefe, ta karkata shi wajen haske. Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, amma na iya riƙo. Ki faɗa da ƙarfi in ji abin da Hajo ke zuwa nema."

Haka muka yi daga azahar har aka kira la'asar. Ina karantawa ina rubutawa, in na gama allo in sake bi daga farko. Taku na ɗaya, yashi. Na biyu, yashi da ciyawa kaɗan. Na biyar, ciyawa ta rufe ko'ina. Na shida haka, na bakwai haka. Wani wurin gishiri ya hau kan lamba sai na hura, ba na yarda in goge. Inda yatsan Khala ya taɓa, lamba ɗaya ta dushe, na sa alamar tambaya ban cika da ka ba.

A ƙasan allo na ƙarshe Anti ta yi rubutu da Hausa, manya-manya, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Na karanta: "Sawun kiwon ayu a cikin ciyawa, sababbi, guda huɗu. Na ga bayansa sau ɗaya da ya taso shan iska."

Allon ya motsa a hannun Hajiya.

"Ayu? Ayu dai na ruwa?"

Na ce haka ta rubuta.

"A nan ƙasar?" Ta sake kallon allon. "Babanta masunci ne. Tun tana ƙarama yake ba ta labarin ayu, ta yi ta binsa bakin Kwara ko za ta gani. Ba ta taɓa gani ba, an riga an cinye na wajenmu. Ashe nan ta zo ta same shi." Ta yi 'yar dariya da hawaye. "Kuma ja'irar ba ta gaya mini ba."

Sannan ta dubi fararen nan biyu. "Waɗannan fa, mi ke cikinsu?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Ba mai sani?"

"Sai Allah, sai ita."

Na nuna mata shafuka biyun da za su zauna babu komai. Ta tambaye ni, in mutanen Laraba suka ga shafi fari, me za su ce? Na ce wataƙila su ce ba a duba wurin ba, ko su ce babu komai a can.

Ta ce, "A'a. Ba za a ce ɗiyata ba ta yi aikinta ba. Rubuta. Ki ce ta shiga, ta duba, ta rubuta, uwarta ce ta wanke."

Na ce, "Hajiya, ni ce ban zo ba."

"To ki sa mu biyu. Ki fara da ni, na girme ki."

Haka na rubuta a kowane shafin, da sunanta da nawa. Ta sa na shafa mata tawadar biro a babban yatsa ta dangwala a ƙasa.

Da Baba Lawal ya dawo daga Baƙi'a, Umma ta kai ni wurinsa da littafin. Ya karanta shafukan a tsaye, ƙurar maƙabarta na kan rigarsa. Da ya zo kan dangwalen Hajiya sai ya juya mana baya na ɗan lokaci. Ya ce gobe da safe zai kai wa shugaban tawagarsu littafin da allunan huɗu yadda suke, ba wanda zai sake sa musu ruwa. Na tambaye shi ko uku da rabi za su isa. Ya ce, "Ban sani ba, Safiya. Amma da babu ko ɗaya."

Ni ma ban sani ba. Jibi ne Laraba.

Anti, na zo, amma na makara. Ki yafe mini.

Ya Allah, baiwarKa Hajara ta zo gare Ka, tana kwance a maƙwabtan ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Duk takun da ta yi a cikin ruwan nan tana ƙirga halittunKa don kada a binne su, Ka sa shi a mizaninta. Ka ba Hajiya Inna da Baba Lawal haƙurin rashinta. Ni kuma Ka yafe mini ƙaryata.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Ku sa da Hajiya, har yanzu ba ta ci komai ba. In kun idar da sallar asuba ranar Laraba kuma, ku roƙa mana Allah Ya sa abin da ya rage a allunan nan ya isa.